Gwiwar Hannun Yayana

Ku masu cika min akwatin saƙo kuna tambayar ko lafiya na yi shiru, jikina dai ƙalau, raina ne a ɓace. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa wadda yayanta tauraro ne ba ta da sauran matsala a duniya, na karanta. Allah ya ara miki gidanmu na sati ɗaya.

Saboda sababbin shigowa, bari in maimaita. Ni ce ƙaramar gidanmu, Auta ake kirana har a wurin aiki. A shagon tabarau nake, ni ke zaunar da mutum gaban na'ura in auna masa ido kafin a yanka masa gilashi. Yayana ɗan ƙwallon kwando ne, shi 'yan kallo suka laƙaba wa Guguwa, dogon nan da hotonsa ke jikin motocin haya riƙe da kwalbar lemo, yana wani murmushi da mu a gida sai mu yi wata ba mu gani ba. Tun da Baba ya yi ritaya ya ɗauki sabon aiki marar albashi, wato kare sunan ɗansa. Ya ɓata da mai askinsa a kan Yaya, ya canja mai wankin mota a kan Yaya. Umma ba ta san dokar wasan ko ɗaya ba, amma ranar wasa ba ta yarda a kunna injin wanki, wai ƙararsa na raba mata hankali wurin addu'a.

Sai kuma Malam, wanda nake so in aura. Malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, abin da na faɗa wa Baba ke nan, kuma ban yi ƙarya ba. Abin da na bari a cikina shi ne, alƙalin wasa ne a babbar gasar da Yaya ke bugawa. A shagonmu muka haɗu, don duk farkon kakar wasanni sai alƙali ya kawo shaidar cewa idonsa lafiya. Na ce ya karanta min haruffan allo, ya karanta har layin ƙasa, ya haɗa da sunan kamfanin da ya buga allon. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo, wai idonsa na hagu na ƙaiƙayi. Na duba ban ga komai ba, na ce ya je ya wanke fuska. Tun ranar yake ce min Likita, kuma tun ranar ban ƙara samun sukuni ba.

Dokar hukumarsu ta ce alƙalin da ke da alaƙa da dangin ɗan wasa ya sanar, a cire shi daga wasannin wannan ɗan wasan. Malam bai sanar ba. Da farko wai ai ba a san inda abin zai kai ba, daga baya wai a bari a gaida Baba tukuna, kada zance ya isa kunnen Yaya ta ofis kafin ya shigo gida ta ƙofa. Da ƙyar muka tsayar da ranar Asabar zai zo ya gaida Baba. Ana cikin haka aka fitar da sunayen alƙalan wasan kusa da na ƙarshe, wasan Juma'a, ƙungiyar su Yaya, ga sunan Malam a ciki. Na roƙe shi ya ce ba shi da lafiya. Ya ce shi ne babban wasa na farko da aka taɓa ba shi, kuma ba zai fara da ƙarya ba. Na ce to Allah ya ba da sa'a, na kashe wayar ba sallama.

Ranar Juma'a da yamma falonmu ya cika kamar kullum. Baba a kujerarsa ta tsakiya da rigar ƙungiya mai lambar Yaya a kan farar singileti, rimot a cinyarsa, ba mai taɓawa. Umma a gefe da carbi. Sai Kawu, ƙanin Umma, mai gyaran firij, wanda ba abin da ke kawo shi gidanmu ranar wasa sai tsokanar Baba da shan shayinmu.

Ana tafiya hutun rabin lokaci suka soma. Kawu ya ce shi dai gaskiya yake faɗa, yaron nan ya iya, amma zuzuta shi ake yi. Ya jefa goma huɗu su shiga, gobe a yanko huɗun a sa musu kiɗa a watsa a waya, shidan da suka zube kuwa ko labarinsu ba za a ji ba. Baba ya ce mutumin da ko takarda ya dunƙule bai iya jefa ta kwandon shara, shi ne zai auna Guguwa? Kawu ya ce a duba lokacin da ƙwallo ta kuɓuce masa, sauran suna gudu su koma tsaro, shi yana tsaye hannu a ƙugu yana musu da alƙali. Baba ya ce wanda ya ɗauko ƙungiya daga ƙasan tebur ya kawo ta nan ai yana da ikon ya numfasa. Kawu ya ce to sauran huɗun da ke fili da shi 'yan rakiya ne? Baba ya nuna masa ƙofa da rimot, Umma ta ƙara wa ƙaninta shayi. Haka suke yi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa canja ra'ayi, ba kuma wanda ya taɓa tashi.

Ni kuwa ina takure a hannun kujera, duk sanda kyamara ta gifta ta kan alƙalin nan siriri mai rigar toka sai in sunkuyar da kai.

Lokaci ya zo ƙarshe ana bin su Yaya maki ɗaya. Aka miƙa masa ƙwallo, kowa ya san shi za a ba. Ya yi abin nan nasa da yara ke kwaikwayo a layi, ya kutsa kamar zai wuce, ya ja baya, ya tashi sama ya jefa. Ta faɗa raga. Baba ya miƙe har rimot ya faɗi batir suka watse, Umma ta ɗaga hannu sama. Sai kyamara ta juya. Ɗan wasan da ke tsaron Yaya na kwance a ƙasa ya rufe baki da hannu, ga Malam nawa a kansa da usur a baki, yana kaɗa hannu alamar ya soke. Wai Yaya ya ture mutum kafin ya jefa. Wasa ya tashi, an cire su Yaya.

Ban taɓa jin Baba ya yi ashar ba, ranar ma bai yi ba, amma ya zagaya kusa da ita. Ya kira Malam ɗan neman suna, ya kira shi sayayye. Sannan ya juyo gare ni, jijiyar wuyansa a tashe.

"Auta, ki nemo min makahon nan ki auna masa ido kyauta, ni zan biya kuɗin gilashin."

Ni da na san idon nan ya fi na kowa a falon gani, sai na ce to, Baba. Na tattara kofuna na shige kicin, na jingina da firij na ciro waya.

Na rubuta: Me ka yi?

Ya amsa: Abin da na gani, Likita.

Na rubuta: Kada ka ƙara ce min Likita. Gobe fa za ka zo gidanmu. GOBE.

Ya amsa: Ban manta ba. Na ma karɓo rigata daga wurin guga.

Jama'a, ku gaya min, wannan mutum ne ko icce? Na rubuta masa abubuwa masu yawa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na ce ya same ni a shago da safe kafin a buɗe.

Na iske shi tsaye a bakin shago da hula ja har gira, don tun daren jiya hotonsa ke yawo a waya, an zana masa baƙin gilashi da sanda. Na buɗe, na kunna fitilun kantocin tabarau, ban ce ya zauna ba. Na ce ya faɗa min dalilin da ya sa duk wasannin duniya sai wannan, duk lokutan wasa sai na ƙarshe, duk ranaku sai jajiberin zuwansa.

Ya ce Yaya ya iya wasa, ba mai musun wannan, amma sunan ya fi wasan girma. Duk sanda zai ja baya ya jefa, sai ya dasa gwiwar hannunsa ta hagu a ƙirjin mai tsaronsa ya ture, da haka yake samun filin da ake ta yi wa kirari. Duk alƙalan gasar sun sani. Ba mai hurawa, saboda zauren cike yake da mutanen da suka sayi tikiti don shi, kuma wa ke son a zana masa sanda? Ya ce in aka cire gwiwar hannun nan, Yaya ɗan wasa ne mai kyau cikin masu kyau, ba wannan dodon da ake bugawa a jikin mota ba.

Nan na hau shi, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce ina yake lokacin da Yaya ke tashi kafin gari ya waye yana jifa shi kaɗai a filin makaranta? Ina yake lokacin da ya buga kaka guda da yatsa a karye, Umma na ɗaure masa tana kuka? Ya taɓa ganin gwiwoyin Yaya bayan wasa, a kumbure cikin bokitin ƙanƙara? Na ce mutum ya zuba ƙuruciyarsa a abu, wani siriri da usur ɗin roba ya zo ya ce sunan ya fi wasan. Na ce hassada ce, irin ta waɗanda suka so bugawa tsayi ya hana su.

Duk abin da na faɗa game da wahalar Yaya gaskiya ne. Amma ku na gaya wa, tun da ba kwa ganin fuskata: na san gwiwar hannun nan. Muna yara ni ce mai tsaronsa a tsakar gida, kwandon wanki marar gindi a ɗaure jikin bango. Na sha kwana da kafaɗa a tsame, in na kai ƙara Baba ya ce wasa ne, in ba zan iya ba in koma ɗaki. To amma ni ce zan faɗa, ni ƙanwarsa. Ba wani daga waje ba.

Malam ya bar ni na gama. Ya cire hular ya riƙe, ya ce akwai abin da bai taɓa gaya min ba. Tun da muka fara, wasannin Yaya da aka ba shi ba ɗaya ba ne ba biyu ba, kuma a kowanne ya ga turin nan ƙuru-ƙuru, ya kai usur baki, sai ya tuna ni ya sauke. Ya ce jiya ma ya yi niyyar saukewa. Sai ɗan wasan da ke ƙasa ya ɗago ya kalle shi, jini a haƙoransa saboda faɗuwar da ya yi.

"Na kasa, Likita. Na ji kunyar kaina."

Da a fim ne, nan yarinya za ta narke. Ni tafasa na yi. Na ce wa ya aike shi? Yaushe na taɓa cewa ya rufe wa yayana ido? Ya yi ta kyauta da abin da ba nasa ba da sunana, ban sani ba, ranar da kunya ta kama shi kuma ya biya da aurenmu, nan ma ban sani ba. Na ce kada ya zo yau, ya bari ƙura ta lafa. Ya ce Baba ya ba shi lokaci, ba zai bar dattijo yana jira ba. Mai shagon ya turo ƙofa a daidai nan, dole na saki fuska na ce wa Malam gilashinsa bai iso ba tukuna, ya dawo wani satin.

Na tashi aiki da wuri na iske Umma ta juye gidan. An sauke tsofaffin labule an rataya masu ruwan madara, an fito da kofunan gilashin nan da ke kulle a kabad tun bikin yayarmu, ga kek ta gasa ta yanka reras a faranti, ga lemo a firij. Ta goge min doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, ta ɗora mayafi kalar ƙasa a kai. Na tsaya gaban madubi na sa kwalli ya karkace, sai da na goge na sake. Sau biyu na buɗe baki zan gaya mata, sau biyu tana katse ni da zancen ko ya fi son shayi da madara. Kawu ma ya zo, Baba ne ya kira shi, wai a yi baƙo da babba a gefe. Yaya na ɗakinsa tun jiya, ko abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa.

Malam ya yi sallama da farar riga mai dogon hannu, guga kamar ta yanke mutum, da ledar 'ya'yan itace a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa da fara'a, ya nuna masa kujera, ya soma tambayarsa makarantar da yake koyarwa. Ina tsaye bayan labulen kicin da tire, har na fara cewa ko Allah ya rufa asiri. Sai na ga Kawu ya karkata kai yana kallonsa, ya ciro waya ya duba, ya sake kallonsa. Ya tuntsire da dariyar da har ya ƙware.

Ya miƙa wa Baba wayar. Baba ya sa tabaransa, wanda ni na yanka masa, ya kalli waya, ya kalli baƙo. Fara'ar ta zube. Ya kira sunana a hankali, irin kiran da ya fi tsawa ban tsoro, ya tambaye ni ko na sani. Na ce na sani, Baba. Umma ta dafe ƙirji ta nemi kujera.

Baba ya yi faɗa, faɗa mai sunan faɗa. Ya sa aka kunna bidiyon a talabijin, ya mayar, ya sake mayarwa, yana nuna allo da rimot yana cewa ina turin yake, wancan ɗan wasan ai da kansa ya zube. Kawu ya ce ga shi nan kuwa, ga gwiwar hannu har cikin haƙarƙari. Baba ya ce ba da shi ake ba. Ya zayyana wa Malam kofunan da Yaya ya ɗauko da makin da ya ci, ya ce alƙalai nawa suka gabace shi, manya masu furfura, ba wanda ya ga laifi sai shi ɗan jiya? Daga ƙarshe ya ce in yana son a yi wata magana a gidan nan, ya fito gaban jama'a ya ce kuskure ya yi.

Malam na durƙushe har lokacin, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Komai kuka ce in yi zan yi, amma ba zan ce ban ga abin da na gani ba."

Ni na san Babana. In ya yi faɗa ya ƙoshi, sai ya jawo kofin da ya ture ya kurɓa, daga nan ake fara maganar hankali. Wallahi na ga hannunsa ya nufi kofin.

Sai ƙofar ɗakin Yaya ta buɗe.

Ya fito da gajeren wando, ledar ƙanƙara ɗaure a gwiwa, idanu jajur, kansa na kusan taɓa saman ƙofa. Ya tsaya a kan Malam. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san irinsu, masu jiran babban wasa su yi suna da sunan wani. Ya daɗe yana lura da yadda yake kallonsa a fili, ƙiyayya ce tsohuwa, yanzu kuma ya biyo ta ƙanwarsa don ya shigo har falo ya ƙarasa abin da ya fara. Ya ce in ya sake ganinsa a layin nan, sai an ɗauke shi.

A nan ne ni Auta, mai bakin da ba ya jiran kai, na ajiye tire na shiga tsakiya.

"Wace ƙiyayya, Yaya? Mutumin da ya yi ta ganin kana ture mutane yana ƙyale ka saboda ni? Sau nawa ya kai usur baki ya sauke? Wannan ne maƙiyinka?"

Na rantse muku, a raina taimakonsa nake yi. Na ɗauka in suka ji ya daɗe yana rufa wa ɗansu asiri, za su ce ashe namu ne. Sai da maganar ta gama fita na ga fuskar Malam, ya runtse ido kamar na watsa masa ruwan zafi. Kawu da ke dariya tun ɗazu ya ajiye kek ɗin da ke hannunsa.

Yaya ya tambayi tun yaushe muke tare. Na faɗa. Na ga yana lissafi a kansa, yana bin wasannin ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Malam ko shi ya hura wasan da ya ci maki mafi yawa a rayuwarsa, wasan da bayansa kamfanin lemo suka neme shi. Malam ya ce shi ne. Yaya ya tambaya ko a ranar ma ya gani.

Ina roƙonsa da ido ya ce bai tuna ba. Kalma uku ce fa. Ya ce, "Na gani. Ban hura ba."

Yaya ya zauna a hannun kujera. Ledar ƙanƙarar ta kwance ta faɗi, ba wanda ya ɗauka.

Baba ya cire tabarau ya ninke. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka sosai, kuma da Malam kaɗai yake.

"Jiya na zage ka, yau ma na zage ka. Amma da ka ce ba za ka janye ba, a raina na ce wannan ko ban so ba, mutum ne, zan iya ba shi 'yata. Ashe an ba ka amana ka yi ta rufe ido saboda yarinya. Waɗanda aka ture a wasannin nan, su ba 'ya'yan wasu ba ne? Tashi ka je, ɗan nan. Ka ɗauki ledarka."

Malam ya miƙe, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya gaida Umma, ya fita. Bai kalle ni ba. Ni kuma na tsaya da rigata ruwan toka a tsakiyar falo, ina jin haushin kowa: haushin Baba da sai yau ya tuna waɗanda ake turewa 'ya'yan wasu ne, haushin Malam da gaskiyarsa ba ta tashi zuwa sai lokacin da za ta rushe min gida, haushin Yaya da gwiwar hannunsa. Wanda ya fi duka, haushin bakina. Baba ya shige ɗaki, Umma ta bi shi, Kawu ya zame ko sallama babu.

Na iske Yaya a baranda ta baya, wurin da muke shanya, yana zaune a kan bokiti a kife, wayarsa na ta haske a ƙasa. Shugaban ƙungiyarsu ne ke kira, suna haɗa ƙorafi a kan hukuncin jiya. Na san kalma ɗaya daga bakin Yaya, cewa alƙalin na neman ƙanwarsa bai sanar ba, ta isa a karɓe usur ɗin Malam har abada. In hakan ta faru kuwa, ko Baba ya sauko wata rana, ba sauran abin da za a gyara. Na durƙusa gabansa, ni da rabona da roƙonsa wani abu tun ina firamare, na ce don Allah kada ya faɗa.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ma ba zai faɗa ba. In ya faɗa, za a tono duk wasannin da Malam ya hura, a sa su a hankali ana nuna gwiwar hannu, masu cewa zuzuta shi ake su samu abin da suka daɗe suna nema. Kamfanin lemo ma ba za su tsaya ba. Ya ce maganar nan ta mutu a falon nan, shi zai ja wa Kawu kunne, ni kuma in ja wa mutumina. Ya ce in aka yi shiru aka bar Baba ya huce, shi da kansa zai sa baki a maganarmu, ba don yana son ganin fuskar mutumin ba.

Na ji wani sanyi ya ratsa ni, har na fara share hawaye da gefen mayafi. Ashe akwai sauran hanya. Na ciro wayata in rubuta wa Malam ya kama bakinsa, ko sau ɗaya a rayuwarsa ya yi abin da na ce. Sai na tarar ya riga ni.

Ya rubuta: Baba ya yi gaskiya. Ina fita na kira shugaban alƙalai, na faɗa masa komai da bakina, har wasannin baya. Ya ce za su buɗe bincike. Ki yafe min, Likita.

Na karanta, na sake karantawa. Bai tambaye ni ba. Nan ma bai tambaye ni ba.

Yaya ya miƙe yana miƙa, a karon farko tun jiya kafaɗunsa sun saki. Ya kalle ni daga can sama, ya ga yadda na ƙame.

"Waye?"

Na miƙa masa wayar.